Kwalaben Amfilifayar Auta

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina fata jaririyar ta daina tarin nan da kika ce yana hana ta barci.

Mu a nan ga yadda muke. Babanku yana nan yadda kika bar shi, ɓarin dama da ya shanye bai dawo ba, amma yana cin abinci, in an jingina shi da bango kuma yana riƙe kofi da hagu. Gwaggonku lafiyarta ƙalau, bakinta ma haka. Ni ƙafar nan ce kawai in na daɗe a tsaye. Auta jikinsa lafiya, amma a kansa nake rubuto miki.

Ban kira ki a waya ba domin bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasa, ko tari na yi yana ji. Direban da ke kai kaya garinku ya yarda zai riƙa miƙa miki takardata. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya fara riƙe biro bayan ya ɗauki jikoki ba ya sauri.

Kin san tun da aka rufe kamfanin da yake aiki, ƙanenki ya koma zama da samarin bakin gareji, waɗanda ba su da zance sai na ƙetare teku. Ɗan maƙwabciyarmu mai ɗinki a cikinsu yake kafin ya tafi, har yau kuwa uwarsa ba ta ji muryarsa ba, ba a kuma kawo mata gawa ba. Na daɗe da sanin Auta yana tara guzurin wannan tafiya. Ban faɗa miki ba ne don lokacin kina da tsohon ciki.

To ranar Asabar sai ga shi ya shigo da mai baro, sun sauke wani baƙin akwati a tsakar gida. Tsayinsa ya wuce gwiwata, nauyinsa kamar buhun siminti, kusurwoyinsa duk sun saɓule, ƙyallen gabansa ya yage, samansa kuma duk tabon wutar sigari. Warin tsohon ɗaki yake yi. Gwaggonku ta leƙa ta ce ashe yanzu har akurki ake sawo wa kyankyasai. Auta ya yi dariya. Uwata, na manta rabon da in ji dariyarsa.

Ya ce amfilifaya ce, na'urar ƙara sautin jita, irin ta da, mai kwalabe a ciki. A wurin matar wani marigayi ya saye ta, mutumin da ya yi kiɗa a otal tun ba a haifi Auta ba. Da na tambaye shi da me ya saya, ya sunkuyar da kai ya ce da guzurinsa. Na shiga ɗaki na ja labule na yi sujada.

Ga dalilinsa. Ogan masu kiɗan babban otal ya ji shi yana kaɗa jita a wani biki, ya ce mai jitarsu zai bar su ƙarshen watan gobe, in Auta ya zo da tasa amfilifayar gurbin nasa ne. Auta ya ce sababbin da ake sayarwa yanzu ƙararsu kamar ana bugun gwangwani, wannan kuwa murya gare ta irin ta mutum.

Sai dai ba ta magana. In an kunna ta gurnani kawai take yi. Ya kai ta wurin Dogo mai gyaran rediyo, ni ma na bi su da sunan zan saya wa babanku magani. Dogo ya buɗe bayanta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Auta ya durƙusa ya gaishe ta, don ta girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce kwalabenta lafiyarsu ƙalau, irinsu ma an daina yi. Wasu 'yan gwangwanaye ne da ake kira kondensa suka kumbura, kuma ba a samun su a nan, sai babbar kasuwar garinku.

Auta ba zai roƙi maigidanki ba, kin san girman kansa. Ni na roƙa. Na sa Dogo ya nuna mini lambobin na kwafe su da hannuna a 'yar takardar da ke ciki, ya duba ya ce daidai ne. Don Allah a nemo, a ba direba kafin Juma'a ta sama.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki.

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Saƙo ya iso lafiya. Allah ya yi wa maigidanki albarka, ya ba shi masu yi masa. Babanku ya yi zazzaɓi kwanan baya amma ya sauka. Sauran kowa lafiya.

Yanzu Auta ba ya zuwa bakin gareji. Da safe yana ɗaga babanku ya wanke shi ya canza masa kaya, sai ya wuce shagon Dogo. Shagon ɗan ƙarami ne, rediyoyi da talabijin da masu su suka manta da su sun cika shi har rufi, sai benci ɗaya da fanka mara murfi. Nakan kai musu abincin rana don in samu dalilin zama. Dogo in zai taɓa cikin akwatin sai ya cusa hannu ɗaya a aljihu. Na zaci yanga ce. Ya ce a'a Mama, wannan tsohuwar tana riƙe wuta a cikinta ko an cire ta daga soket, in mutum ya sa mata hannu biyu sai dai a sanar da danginsa. Tun daga nan nake addu'a duk lokacin da na ga Auta ya sunkuya a kanta.

Na ga ɗana yana narka dalma yana liƙa waya, harshensa a waje kamar lokacin da yake koyon ɗaure takalmi. Dogo yana tsaye a kansa yana ce masa malam mai jita, a hankali, ba tsire kake gasawa ba. Sun sami fis ɗinta, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, a mace, marigayin ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli don wuta ta wuce. Dogo ya ce wannan ganganci ne, amma ba shi da irinsa a shago, a bar shi haka zuwa ya samo.

Ranar Laraba suka kawo ta gida. Auta ya ajiye ta a ƙofar ɗakinmu don babanku ya gani, ya kunna, ya ce a jira. Ba ta tashi nan take, sai ta ɗumama. Gwaggonku ta ce to ai 'yar'uwarta ce, ita ma gwiwoyinta haka suke da safe. Na zagaya baya na leƙa, sai na ga kwalaben sun fara ja a hankali kamar garwashi a cikin toka. Sannan ya taɓa jitar.

Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Ni ba kiɗa na sani ba. Amma sautin a ƙirji na ji shi kafin kunne. Mai ɗinki ta tsayar da kekenta ta leƙo ta katanga. Babanku, wanda ya yi shekaru yana cewa jita aikin 'yan iska ce, na ga yatsun hannunsa na hagu suna bugun tabarma. Auta ma ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ogan ya ce ya kawo ta ranar Asabar ta sama su gwada tare da sauran. Ina tsoron in yi murna da yawa. Kin san halina, in abu ya yi daɗi sai in fara neman inda zai ɓaci. Amma jiya na yi barci har aka kira salla ban farka ba.

Ki ci gaba da yi masa addu'a.

Mahaifiyarki.

*

Uwata,

Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Juma'a Auta ya fita aski da karɓo rigarsa a wurin mai guga, saboda gwajin washegari. Na shiga share masa ɗaki. Na ga ya goge akwatin ya ɗinke ƙyallen gabansa, amma da na leƙa baya sai na ga kwalaben nan duk ƙura da maiƙo, kan kowace kuma da wani baƙi-baƙi kamar hayaƙi. Na ce a raina yaron nan zai shiga babban otal, gaban manyan mutane, da kaya haka? Ke kin san ban taɓa barin kwalbar fitila ta kwana da hayaƙi a gidan nan ba. Ba ni da abin da zan ba shi na gudummawa, na ce bari in yi masa abin da na iya.

Na tuna maganar Dogo, na sa hannu ɗaya a bayana. Na zare su ɗaya bayan ɗaya, manya uku da ƙanana, na jera a tire. Na kawo ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Ban tsoma su a ruwa ba, na san ƙafafunsu ƙarfe ne. Gogewa kawai na yi. Baƙin nan na kai ya ƙi fita, ashe daga ciki yake, kuma wai haka ake yin su. Abin da ya fita shi ne rubutun jikinsu. Farin rubutu ne siriri, shafa ɗaya ya bi tsumma. Na gan shi yana tafiya, Uwata. Ni da na sha wahala kafin in san darajar harafi, na ce ai sunan kamfani ne kawai.

Da na zo mayarwa sai na ga manyan nan uku kusan kamarsu ɗaya, gindinsu ɗaya, kowace tana shiga kowane rami daram. Na mayar da su yadda na ga sun fi kyau, suna ta ƙyalli. Har ina jin daɗi.

Ya dawo da askinsa, ya ce bari ya yi gwajin ƙarshe. Ban faɗa masa ba, so nake ya gani da kansa ya yi mamaki. Ina bakin murhu na ji shiru ya yi yawa, sai wani ƙauri kamar an ƙona gashi da roba. Kafin in kai ƙofa hayaƙi yana fita ta bayan akwatin, Auta ya fizge waya daga bango. Ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe a haka. Sannan ya zaro kwalba ɗaya da gefen rigarsa, ya juya ta a haske yana neman rubutun.

Na faɗa masa a tsaye a nan. Na so ya yi ihu, ya fasa tiren, ya faɗa mini maganar da zan yi kwana uku ina kuka. Bai yi ba. Ya ce ba komai Mama, sun yi kyau. Ya mayar da ita a hankali ya fita.

Dogo ya zo da yamma ya duba. Ya ce ɗaya daga cikin manyan aikinta dabam ne, ita ce mai tace wuta, na sa ta a gurbin 'yar'uwarta. Da fis na gaskiya ne a ciki, shi kaɗai zai mutu a huta. Amma takardar sigarin nan ta bar wuta ta wuce har ta cinye taransifoma, wato babban ƙarfen nan mai nauyi da aka naɗe da waya. Ya ce laifinsa ne da bai samo fis ba. Gwaggonku ta ce laifin marigayi ne. Kowa yana neman inda zai ajiye laifin don kada ya ajiye shi a gabana. Ni na san hannun da ya riƙe tsumma.

Auta ya je ya ba Ogan haƙuri, an ƙara masa zuwa ƙarshen wata. Dogo ya ce irin wannan taransifoma ba a kasuwa take ba, sai dai a jikin wata tsohuwar irinta. Duk da haka ga lambar na kwafo. Maigidanki ya taimaka ya zagaya ko Allah zai sa a dace. Ina jin kunyarsa, amma kunya ba ta cikin abin da zan iya riƙewa yanzu. Ko an samu ko ba a samu ba, ki sanar da ni kafin Laraba.

Mahaifiyarki.

*

'Yata, Uwata,

Na gaishe ki, na gaishe da maigidanki da yara. Takardarki ta zo. Ki ce masa na gode da yawon da ya sha, na san da akwai da ya samo. Na ji abin da kika ce, cewa in daina cin kaina. Zan gwada.

Babanku ba ya cin abinci sosai kwanan nan. Ba ya iya tambaya, amma idonsa yana bin Auta duk inda ya yi. Gwaggonku ta yi shiru, ke kin san abin da wannan yake nufi. Ni ina nan.

Dogo ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya fasa taransifomar ya warware ƙonanniyar wayar, ya ce zai sake naɗa ta da hannu kamar yadda ake yi wa fanka. Ya rufe shago ya ƙi karɓar aikin kowa. Da ya gama aka kunna, ta yi magana, har na fara hamdala. Amma kafin a gama waƙa ɗaya ƙarfen ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, muryar ta shaƙe, gurnani ya dawo. Ya sake warwarewa ya sake naɗawa, haka dai. Ya ce wayar yanzu ba irin ta da ba ce, hannunsa kuma ba inji ba ne. Ranar da ya dawo mana da ita bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya sauke ta a zaure ya ce Mama a yafe masa, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Auta ya ari wata ƙaramar amfilifaya ta zamani ya je wurin Ogan. Ya tarar an riga an ɗauki wani. Ogan ya ce shi otal ba ya jira, ranar Asabar dole a yi kiɗa. Ban ga laifinsa ba.

Wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo ganin kwalaben. Ya ce da da rubutunsu da ya saya da daraja, don masu nema daga nesa suke aikowa, amma babu rubutu wa zai yarda da shi? Ya kwashi lasifikar da ke cikin akwatin kawai. Jitar kuma Auta ya fita da ita ranar Lahadi, ya dawo babu ita. Ban tambaya ba. Akwatin yana nan a zaure, gaba a huɗe, an ɗora masa bokiti.

Ya koma bakin gareji. Mai ɗinki ce ta faɗa mini motarsu za ta tashi ranar Talata da asuba, ta ji a bakin ƙanen ɗaya daga cikinsu. Da ta faɗa mini sai ta riƙe hannuna, mu biyu muka rasa wadda za ta ba wata haƙuri. Na tare shi da maganar, bai musa ba. Ya ce ba don kwalabe ba ne, in cire wannan a raina, dama can aron lokaci ya yi. Na yi kuka, na haɗa shi da Allah, na ce ya dubi babansa. Ya ce babansa yake duba, ya gaji da wanke shi da sabulun da surukinsa ya saya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kirkin da yake yi. Ya gyara sakatar ƙofa. Ya canza igiyar shanya. Ya kai wa Dogo ƙarfen narka dalmar da ya ara. Tun shekaranjiya kuma yake koya mini yadda zan ɗaga babanku ni kaɗai: in zura zani ta ƙarƙashin hammatarsa, in kafa gwiwata a gefen gado, in ja da nauyin jikina ba da baya ba. Uwata, tun gwaji na biyu na iya. Amma kullum sai in saki zanin in ce ya fi ƙarfina, ƙafata ba za ta ɗauka ba. Na san ya gane. Sai ya gyara zanin ya ce a sake, Mama. Babanku yana kallonmu, mu biyu muna ta ɗaga shi muna kwantarwa.

Ke yake jin maganarki tun yana ƙarami, ke kika goye shi. Ki kira shi, kada ki ce ni na sa ki. Ko maigidanki ya ce ya samo masa wani aiki a garinku, ko na dako ne, ko ba gaskiya ba ne, in dai zai sa motar Talata ta tafi ba shi. Direba zai juyo ranar Litinin da rana, ki ba shi amsa in san inda nake.

In kuma kin yi magana da shi kin ji yadda na ji, to ki duba cikin kayan maigidanki ko akwai rigar sanyi mai kauri da ya daina sawa, ki haɗo da amsar. An ce a kan ruwan akwai sanyi, shi kuwa tasa ta yi masa kaɗan.

Ki amsa kafin Talata, don Allah.

Mahaifiyarki.